Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Majalisar Dokokin Jihar Zamfara: wanda anka kira ya taimaki jami'an tsaro, in ya faɗi wa ke ɗaukar shi?

Assalamu alaikum Mai girma Kakakin Majalisa da sauran honarabul ɗinmu, ku 24 da munka tura Gusau ku zauna a madadinmu.

Ni ba lauya ba ne kuma ba ni da ƙungiya, ƙaramin ɗan kasuwa ne mai shagon kayan masarufi, amma akwai mutum a gidanmu mai ƙafa ɗaya, kuma yadda anka yi ya rasa ɗayar shi ya sa na zauna nake rubuta maku wagga takarda, don na gaji da faɗin maganar a bakin shago inda ba ta wuce kunnen mutum biyar.

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kabu-kabu yake yi. Ranar da abin ya faru damina ce ta yi tsakiya, ɓarayi sun shiga wani ƙauye kusa da mu da asuba sun kore shanu sun tafi da mata, wajen hantsi sai ga jami'an tsaro da motoci biyu, amma rafi ya kawo, mota ba ta ƙetarawa, kuma su baƙi ne ba su san dajin ba. Sai sunka ce ma maigari a samo masu samari masu mashin waɗanda sunka san hanya. Ba wanda anka sa ma bindiga a kai, wannan gaskiya ne, amma ku ma kun san a ƙauye in hukuma ta ce a zo a taimaka kuma matan da anka ɗauka 'yan uwanka ne, ba ka da bakin cewa a'a. Ƙanena ya tada mashin ya goya jami'i ɗaya a baya sunka shiga. Ba su yi nisa da mashigin rafin ba anka buɗe masu wuta, ashe an yi masu kwanton ɓauna. Jami'in da ya goya nan take ya cika, Allah ya jiƙan shi, wallahi har yau muna yi mashi addu'a don shi ma ɗan wani ne kuma don mu ya zo. Shi kuma ƙanena harsashi ya shiga cinyar shi ya farfasa ƙashi, ya ja jiki ya shige cikin dawa ya kwanta, sai bayan la'asar anka gano shi, a amalanke anka turo shi har bakin titi da rawanin wani dattijo ɗaure a cinyar don jinin ya tsaya. Mashin ɗin kuwa sun cinna mashi wuta, kuma ko gama biyan kuɗin shi bai yi ba, bashi ne yana biya duk sati.

Kwana tara likitoci suna ƙoƙari, daga ƙarshe sunka ce in ba a yanke ba ruɓar za ta haura. Ni na sa hannu a takardar. Anka yanke sama da gwiwa.

Jini leda nawa munka saya, allurai, wankin ciwo kullum, abincin masu jinya, duk daga aljihunmu. Gonar gado da mahaifinmu ya bar mana munka jinginar, raguna biyu da matar shi ke kiwo ta sayar. An zo jaje, ba zan ɓoye alheri ba, an kawo buhun shinkafa ɗaya da ambulan, an yi addu'a an ɗauki hoto an tafi, kuma abin da ke cikin ambulan ɗin bai kai kuɗin maganin sati guda ba. Da ya ɗan samu sauƙi na fara yawon ofis-ofis da takardun asibiti a cikin leda, kuma duk inda na je maganar ɗaya ce, ana tausaya mani ƙwarai amma a ce ai shi ba ma'aikacinmu ba ne, ba ya da lamba, sunan shi ba ya cikin kowace rajista, babu wani layi a kasafin kuɗi da za a fitar mashi da ko sisi. Wani babba ya ce mani, Malam ka yi haƙuri, ko na so in taimake ka ba ni da dokar da zan dogara da ita. To wannan kalmar ita ta kawo ni gare ku, don ku ne masu yin doka.

Ranku ya daɗe, abin da ya fi ci mani rai shi ne doka ta san da mu sarai lokacin da take neman taimakonmu. Kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 24, a cikin nauyin da ya ɗora ma kowane ɗan ƙasa akwai taimaka ma hukumomi wajen tabbatar da doka da oda. Dokar 'yan sanda ta 2020 a sashe na 42 ta ce wajibi ne mutum ya taimaka in alƙali ko ɗan sanda ya nemi taimakon shi wajen kama wanda ake zargi ko hana shi tserewa, kuma sashe na 99 ya ce in ana kai ma ɗan sanda hari yana bakin aiki ya kira ka ka ƙi zuwa, laifi ka yi, tarar naira 100,000 ko wata uku a gidan yari ko duka biyun. Wato an zauna an auna hukuncin wanda ya ƙi, har da adadin kuɗi da adadin watanni, amma wanda ya amsa kiran ya dawo da ƙafa ɗaya, ko bai dawo ba gaba ɗaya, dokar ba ta ce komi a kan shi ba. Wannan ba adalci ba ne, kuma kundin tsarin mulkin nan dai shi ne ya ce a sashe na 14 tsaron jama'a da walwalar su shi ne babban dalilin kafa gwamnati.

Ku duba mutum biyun nan da ke kan mashin ɗaya. Na baya ma'aikaci ne, dokar fansho ta 2014 ta wajabta a yi ma ma'aikaci inshorar rai wadda ba ta gaza ninki uku na abin da yake samu a shekara ba, sojoji ma suna da nasu tsarin, ko da iyalai na shan wahala kafin kuɗin su fito, aƙalla akwai haƙƙi a rubuce da magada za su riƙe su bi. Akwai kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ga wanda ya ji rauni a wurin aiki, ita ma sai wanda ke da uban gida mai biyan shi albashi. Na gaba, mai riƙe da kan mashin, wanda shi ya san hanyar, wanda in ba shi ba ba a shiga dajin, ba ya cikin ko ɗaya. Wani ya ce mani ai kotu na da ikon ta sa mai laifi ya biya wanda ya cuta diyya, haka ne, yana cikin dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, amma sai an kama mutum an gurfanar da shi an same shi da laifi tukuna. Wanda ya harbi ƙanena yana cikin daji, ba mu san sunan shi ba, wace kotu zan kai shi?

Kuma kar a ɗauka labarin gida ɗaya ne. A watan Janairun 2025 a Tungar Kara cikin ƙaramar hukumar Maradun, mutanen gari da 'yan sintiri sunka fito kai ɗauki bayan ɓarayi sun kai hari, jirgin yaƙi ya zo ya ɗauka su ne ɓarayin ya sakar masu wuta, rahotanni sunka ce aƙalla mutum 16 sunka rasu, kuma gwamnatin jiha da kanta ta fitar da sanarwa ta amsa cewa akwai 'yan sintiri a cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Maƙwabtanmu na Kebbi kuwa, a watan Maris 2022 a yankin Sakaba ta ƙasar Zuru an yi ma 'yan sa kai kwanton ɓauna an kashe sama da 60 a rana ɗaya, sannan a Nuwamban 2024 a garin Mera ta ƙaramar hukumar Augie mutanen gari sunka bi sawun Lakurawa da sunka kore masu dabbobi anka kashe mutum 15. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai mata, akwai ɗiya, akwai tsohuwa da ke jiran ya kawo cefane. Kwamitin da tsohon Sufeton 'yan sanda M.D. Abubakar ya jagoranta a 2019 ya ƙirga mata 4,983 da anka mayar zawarawa da marayu 25,050 a jihar nan tsakanin 2011 da 2019, wancan lokacin ke nan, kafin abubuwan da sunka biyo baya.

Sannan ku tuna, gwamnati ce ke kiran mutane su fito. A watan Yunin 2022 gwamnatin jiha ta fito fili ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu. A shekarar ne kuma anka sa hannu a dokar da ta tanadi hukunci mai tsanani har na kisa a kan ta'addancin daji da masu kai ma ɓarayi rahoto, kuma ni ban ce ba daidai ba ne, infoma ya cuce mu fiye da yadda baki zai faɗi. Amma in majalisa ta iya zama ta yi doka a kan mai kai ma ɓarawo labari, mi ya hana ta yi doka a kan mai kai ma hukuma labari? Kullum a rediyo ana cewa ku ba jami'an tsaro bayanai, tsaro aikin kowa ne. Mutum ya ba da bayani, kwana biyu labari ya fita, a zo har ɗakin shi da dare a yanka shi gaban iyalin shi, ko a sa ma garin su tara ta miliyoyi a ce ku ne kunka kawo sojoji. Mu ma bayan abin da ya faru kiran waya anka dinga yi ana cewa an san shi an san gidan, dole munka kwaso shi da matar shi da ɗiya huɗu munka kama masu ɗaki ɗaya a Gusau, mutumin da ke noma abin da zai ci shekara yanzu awo yake jira in kawo mashi.

A ƙarshen Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, mutum 2,645 a rukunin farko, da kaki da horo da alawus, kuma wannan ci gaba ne don aƙalla su an san sunan su. Amma mafi yawan masu taimakon jami'an tsaro ba Askarawa ba ne. Ɗan kabu-kabu ne, maharbi ne da ya san kowane kwazazzabo, mai kwale-kwale ne, direban da anka tsayar a hanya anka ce ɗauko mana waɗanda sunka ji rauni, maigari ne da ya kira waya, mai gadin makaranta ne, matar da ta ga baƙin fuska a kasuwa ta je ta faɗa. Waɗannan ba su da kaki ba su da alawus, ranar da anka buƙace su kawai ake tunawa da su.

Abin ya fi yi mani ciwo da na tuna mu Zamfara ne, jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoban 1999, mu da ya kamata a zo a koyi maganar diyya wurinmu. Malamanmu sun karantar da mu cewa jinin mutum ba ya tafiya a banza. Lokacin da anka tsinci gawar Abdullahi ɗan Sahlu a Khaibara ba a tabbatar da wanda ya kashe shi ba, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai bar jinin ya tafi haka nan ba, shi ya biya diyyar raƙuma 100. A yaƙin Uhudu Musulmi sunka kashe mahaifin Huzaifa bisa kuskure cikin ruɗanin yaƙi, Annabi ya nufi biyan diyya, Huzaifa ne da kan shi ya yafe ya bar ta sadaka, wato haƙƙin shi ne, shi ke da ikon yafewa, ba wani ne ya yafe a madadin shi ba. In wannan bai yi kama da Tungar Kara ba to ban san mi zai yi kama da ita ba. Kuma a fiƙihu har gaɓoɓi an yi masu ƙima, ƙafa ɗaya rabin diyya ce, hannu ɗaya haka, ido ɗaya haka. Ba sabon abu nake roƙo ba. Ko Ingila ma tun 1964 suke da tsarin da gwamnati ke biyan wanda anka raunata ta hanyar aikata laifi, kuma ya haɗa da wanda ya ji ciwo garin taimakon ɗan sanda ya kama mai laifi.

Don haka abin da nake nema gare ku doka ce, rubutacciya, wadda za ta mayar da wannan abu haƙƙi. Jaje alheri ne, wanda ya yi Allah ya saka mashi, amma jaje ya danganta da ko labarin ya fita a jarida, ko garinku na da babban mutum a gwamnati, ko zaɓe ya kusa. Haƙƙi kuwa marainiya za ta iya riƙo takarda ta je ta ce a ba ni, in an hana ta ta tafi kotu. Dokar ta faɗi ƙarara nawa ne na wanda ya rasu, nawa ne na wanda ya rasa gaɓa ko ido, a kuma ɗaura shi da wani ma'auni da ke tafiya da zamani kamar mafi ƙarancin albashi ko ƙimar diyya ta shari'a, don in anka rubuta adadi tsayayye shekara uku naira za ta cinye shi. Ta haɗa da dukiya, mashin da anka ƙone, motar da anka farfasa, don ga ɗan kabu-kabu mashin shi ne gonar shi. Ta kuma sa wa'adi, kamar kwana 90 daga ranar da anka kai takarda, don in babu wa'adi fayil sai ya tsufa a kan teburi.

Maganar asibiti kuwa ita ce ta farko kafin komi. Akwai dokar tarayya ta 2017 da ta wajabta ma asibitoci su karɓi wanda anka harba su fara yi mashi magani ba tare da jiran rahoton 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba, amma bayan taimakon farko wa ke biyan sauran? Ku sa a doka cewa duk wanda ya ji rauni yana taimakon jami'an tsaro jiha ce ke ɗauke da jinyar shi tun daga ranar farko har ƙafar roba da keken guragu, in abin ya fi ƙarfin Gusau a kai shi Sakkwato ko asibitin ƙashi na Dala a Kano da kuɗin gwamnati. Ƙanena har yau da sanduna yake tafiya, hammatar shi duk ta yi kanta, don kuɗin ƙafar roba mai kyau ya fi ƙarfinmu.

Na san za a ce ina kuɗi. Jihar nan na da asusun tallafa ma tsaro, a ware wani kaso a cikin shi da sunan wannan kaɗai, kar a bari ya zama duk motoci da mai. Akwai kuɗin tsaro da ake fitarwa duk wata, akwai Hukumar Zakka da Waƙafi da za ta iya riƙe ɓangaren marayu da karatun su. Sannan tun Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a hukumance, kuma dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 ta tanadi asusun tallafa ma waɗanda ta'addanci ya shafa, ku da 'yan majalisarmu na Abuja ku bi mana kadin wannan, mutanenmu na cikin waɗanda sunka fi cancanta. Inda kuma kuskuren jami'an tarayya ne ya kashe mutane, jiha ta fara biyan iyalai sannan ita ta bi tarayya bashi, don gwamna na iya ganin shugaban ƙasa, bazawarar Tungar Kara ba ta iyawa.

Za a kuma ce mutane za su yi ƙarya, kowa ya faɗi a mashin ya ce aikin tsaro ya je. Wannan damuwa ce ta gaskiya kuma maganin ta rajista ne. Duk jami'in da ya ɗauki farar hula ya raka shi aiki, a wajabta mashi rubuta suna kafin a tashi, kwafi ɗaya wurin shi kwafi ɗaya wurin hakimi ko maigari, minti biyar ne. Da an yi haka ranar nan da ban sha wahalar tabbatar da abin da gari guda ya gani da ido ba. Masu ba da bayanan sirri kuma a yi masu tasu hanya ta daban wadda sunan su ba zai bi ta hannu goma ba, don in takardar neman diyya ce za ta tona mutum gara ya haƙura da ita.

Akwai wata magana da ba kowa ke son ji ba amma sai na faɗe ta. Dokar nan kar ta zama lada ga wanda ya ɗauki doka a hannun shi. Mun gani da idonmu yadda wasu da sunan sa kai sunka tare mutane a kasuwa sunka kashe don kawai Fulani ne, kuma wannan na cikin abin da ya rura wutar da muke ciki. Wanda ya je ɗaukar fansa ko ya taɓa wanda ba ruwan shi, ba shi nake magana a kai ba, shi hukunci ya kamace shi. Kuma dokar kar ta tambayi ƙabila. Akwai makiyaya da yawa da sunka nuna ma jami'ai hanya ko sunka ƙi ba ɓarayi mafaka anka kashe su anka kwashe garken su, su sun ma fi mu shiga tsaka mai wuya don daji bai yarda da su ba gari bai yarda da su ba, iyalin irin wannan mutum haƙƙin su ɗaya da na ƙanena.

Kwanan baya jami'ai sun sake zuwa garinmu suna neman masu mashin. Samari sunka sulale ɗaya bayan ɗaya, wasu sunka ce ba mai, wasu sunka ce taya ta yi faci, kuma waɗannan ba matsorata ba ne, yaran da sunka taso tare da ƙanena ne, su sunka turo shi a amalanke, sun ga yadda gidan shi ya koma. Uwar ɗaya daga cikin su tsayawa ta yi a ƙofar zaure ta ce sai dai ya bi ta kan ta. Ranar jami'an haka sunka juya ba su shiga ba, kuma mutanen da anka ɗauka sai da anka sayar da amfanin gona anka biya kuɗin fansa.

Ranku ya daɗe, ɗaya daga cikin ku ya ɗauki wannan ya kai shi zauren majalisa a matsayin ƙudiri, ba sai an jira ɓangaren zartarwa ya aiko ba, kuna da wannan ikon. Ku kira zaman jin ra'ayin jama'a, ku sanar a rediyo da Hausa da Fulatanci, kar ku tsaya Gusau kaɗai, ku je Kaura Namoda da Talata Mafara da Anka da Tsafe da Gummi inda mutanen ƙauye za su iya isowa. Ranar da kunka sa, ni zan ɗauko ƙanena a Keke Napep in kawo shi da takardun asibitin shi da takardar jinginar gonar, ya ce shi da bakin shi yake so ya yi maku bayani.

Wassalam.
Naku, wani ɗan Zamfara mai jinyar ƙanen shi.